Kafin Ka Nemi Maigida, Ina Rubutunka?

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin matasa masu sha'awar rubutun fim. Wani zai tare ka bayan an tashi daga taron marubuta, wata za ta turo saƙo da daddare, amma maganar ɗaya ce: in nemi wani babba a harkar in zauna a ƙarƙashinsa in koya, ko in tsaya in gina labarin da ke kaina har ya zama sikirif? Wasu ma 'yan kuɗi suka tara da ƙyar, suna neman inda za su zuba su, ko a ajin koyon rubutu da ake talla a WhatsApp, ko a hannun wanda zai karanta abin da suka rubuta ya nuna musu gyara. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa masu tambaya daɗi ba. Ƙanena, fara rubutawa, ka kai ƙarshe, sannan ka je neman maigida da takardunka a hannu. Idan a bana ɗaya kawai lokacinka da aljihunka za su iya ɗauka, ɗauki rubutun.

Na san wannan magana tana karo da yadda aka rene mu. A wajenmu ba a san mutum ya koyi sana'a shi kaɗai a ɗaki ba. Ana kai yaro wurin mai yi, ya yi ladabi, ya yi aike, ya sa ido, har ranar da za a yaye shi. Haka Kannywood ma ta ginu. Da wuya ka sami darakta ko mai ɗaukar hoto ko edita da ba zai ce maka shi yaron wane ba ne, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai rubutu ya sha bamban da sauran ayyukan fim ta fuska ɗaya. Yaron da aka kai wurin tela yana ganin yadda almakashi ke bin yadi, yana ganin yadda ƙafa ke taka keke, idonsa yana koyo tun kafin hannunsa ya taɓa komai. Wanda ya zauna kusa da marubuci kuwa ba abin da zai gani sai mutum ya sunkuyar da kai yana danne-danne, can ya tashi ya zagaya, ya dawo ya goge abin da ya rubuta. Dalilin gogewar, wanda shi ne ilimin, yana cikin kansa. Ba shi da hanyar zuba maka shi sai ta kan shafin da kai ka rubuta: ya ɗora yatsa ya ce nan ka yi gaggawa, nan ka faɗi abin da ya kamata ka ɓoye, wannan matar ba za ta yi magana haka a gaban surukarta ba. In babu shafi, abin da za ku yi hira ce, ko da kun shekara kuna yi.

Dubi yadda ta kasance da Abubakar Imam, tunda da shi ake yawan kafa hujja idan ana maganar marubucin da ya sami mai ja masa gora. Gaskiya ne Rupert East ya yi masa rana. Amma a ina East ya san shi? A shekarar 1933 hukumar da East yake shugabanta a Zariya ta sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja ya aika. A gasar nan ne aka sami Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Sai da East ya ga abin da hannun Imam zai iya, sannan ya nemi a ba shi aronsa a 1936. Ya zo Zariya ya yi kimanin wata shida, ana tara masa littattafan hikayoyin ƙasashe daban-daban, yana rubutawa suna dubawa tare, har aka sami Magana Jari Ce. A 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Rubutu ne ya fara zuwa, shi ya jawo malamin. Da Imam ya tafi Zariya hannu rabbana ya ce yana da labarai a ka yana so a koya masa, da ƙila an ba shi kujera da ruwan sha, ya koma Katsina. Shi kuwa Shaihu Umar, sai bayan shekara 40 da 'yan kai Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, lokacin marubucinsa ya shekara goma a ƙasa. Abin da aka sa a takarda yana iya jiran mai kyamara.

Bari in gaya maka abin da yakan sami saurayin da ya je neman maigida ba rubutu. Za a karɓe shi, don mutanen harkar nan ba su cika korar mai ladabi ba. Zai fara zuwa ofis da safe, ya share, ya sayo kati, ya kai saƙo. Idan an fita lokeshan shi ne mai riƙe wa maigida waya, shi ne mai kiran jaruma ta fito daga mota, shi ne mai korar yaran unguwa da suka taru suna leƙe. Wata rana za a rasa wanda zai fito a mai gadi ko ɗan aike, a ce ya shiga. Zai ga fuskarsa a YouTube, 'yan unguwarsu su fara ce masa ɗan fim. Shekara biyu, shekara uku, ya san kowa, kowa ya san shi, wayarsa cike da hotunansa da manyan jarumai. Tambaye shi ina labarin nan da ya zo da shi, sai ya ce yana nan, sai an sami natsuwa. Ba zaluntarsa aka yi ba. Maigidan yana fama da furodusa da jadawalin jarumai da kuɗin man janareta, ina ya ga lokacin zaunar da wani ya koya masa abin da shi kansa bai fara ba? Abin da yaron ya kawo ƙafafunsa ne, su aka mora.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan ciwo. Mai labari a ka ba shi da abin nunawa sai baki, don haka duk inda ya sami kunnen wani babba sai ya zazzage. A mota ya ba darakta, a wajen cin abinci ya ba furodusa, yana jin daɗi ana cewa kai, wannan labari zai ja. Bayan 'yan watanni sai ya ga wani abu mai kama da nasa ya fito, ya hau Facebook yana kukan an sace masa labari. Wani lokaci da gaske ɗauka aka yi. Wani lokaci kuma dacewa ce, don rikicin kishiya da rabon gado da ɗan talaka mai son 'yar mai kuɗi ba mallakin kowa ba ne, kusan kowane marubuci yana ɗauke da irinsa. Ko ma wanne ne, ba shi da madafa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin da aka fitar aka ajiye shi a sigar da za a iya komawa a gani ko a ji, ba ta kare tunanin da ke yawo a ka. Sikirif mai shafi 60 da kwanan wata a kansa hujja ne. "Wallahi ni na ba shi a mota" kuwa, sai dai abokai su taya ka jaje.

To, me nake nufi da gina labari? Ba ka zauna dare ɗaya ka zubo shafi 40 ka ce ka gama ba. Ka fara da gwada faɗin labarin a jumla biyu ga wanda ba ya jin nauyinka: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba. Idan ka kasa, ka ji kana cewa "to ka ga, da farko dai akwai wani Alhaji," ka ja minti goma ba ka iso kan magana ba, to tukuna ba ka da labari, tarin mutane kake da shi. In wannan ya zauna, ɗauki littafin rubutu na 'yan makaranta ka jera sina-sinan, kowane layi ɗaya: a ina, su wa, me ya canza. Duk sin ɗin da aka shiga aka fita ba abin da ya canza, soke shi ko da kana sonsa. Maganganun 'yan wasa su ne na ƙarshe. Mafi yawan sababbin marubuta da su suke farawa, don su suka fi daɗin rubutawa, shi ya sa za ka ga shafi 30 na hira mai armashi amma labarin yana tsaye inda aka bar shi.

Da yawanku daga rubutun zube kuka taso, na littafi ko na intanet, kuma gado ne mai kyau. Labaran Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Balaraba Ramat Yakubu daga littafi suka tsallaka fim, a 'yan baya kuma irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman marubutan littafi ne kafin a san su da rubutun fim. Amma tsallakawar nan sai an biya mata haraji. A littafi kana da izinin shiga zuciyar mutum ka fito mana da abin da ke ciki. A ce ka rubuta cewa Hajara ta ji duniya ta yi mata zafi, ta tuna shekarun da suka yi a gidan haya tana suyar ƙosai tana rufa masa asiri. Jumla ce mai kyau. Miƙa wa darakta ita, sai ya tambaye ka a ina zai kafa kyamara. Mafita biyu masu arha ne za su fara zuwa maka: ko a koma baya a nuna ta a gaban kasko, ko a zaunar da ita a gefen gado tana magana ita kaɗai, hawaye na zuba, kiɗan tausayi na tashi. Duka biyun masu kallo sun gani har sun ƙoshi.

Gwada wannan. Mijin ya shigo da akwatin kayan faɗar kishiya ya ajiye, ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba. Ta buɗe. Ta ɗago turmin atamfa na farko, ta duba, ta ajiye gefe. Na biyu. Na uku. Ba ta ɗago kai ba. A na huɗu ta tsaya, ta shafa shi da tafin hannu, ta ce, "Wannan kalar ba zaɓinka ba ce." Shi ke nan, yanke. Mai kallo ya ji tsawon zamansu ba tare da an ƙirga masa shekaru ba, don sai wadda ta daɗe da mutum take sanin idonsa a kan zane. Ya kuma gane abin da ita ta gane, cewa wata ta riga ta fara zaɓe a gidan tun ba ta shigo ba. Ba a koyon irin wannan a lacca. Sai ka rubuta sigar hawayen, ka karanta ta gundure ka, ka yaga, ka zauna kana tunanin me mace take yi da hannunta lokacin da ba ta son a ga fuskarta.

Ga kuma gaisuwa, wadda ita ce ɓarauniyar lokaci a finafinanmu. Ƙa'idar da masu harkar suka saba da ita ita ce shafi ɗaya na sikirif yana cin kimanin minti ɗaya a allo. Sallama, ina wuni, ya gida, ya yara, ya gajiya, bismillah ga wuri: rabin shafi ya tafi. Yi haka sau 30, ka cinye kwatan awa ba a ce komai ba. Shiga sin bayan an gama gaisawa. Sai fa idan a gaisuwar faɗan yake, kamar amarya ta durƙusa ta jero gaisuwa, suruka ta ce "lafiya" guda ɗaya ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Wannan kam bar shi, ka ma ja shi.

In ka gama zubin farko, tara mutum huɗu ko biyar, ka raba musu matsayi, su karanta a bayyane. Kai kuma ka koma gefe da biro, ka kame bakinka. Inda harshensu ya sarƙe, jumlar ce ba ta faɗuwa. Inda wani ya zaro waya ya fara dubawa, nan labarin ya mutu. A nan ne kuma za ka ji abin da ido ba ya nuna maka, wato dattijon da ɗan adaidaita da Basakkwacen ɗan kasuwa da 'yar jami'ar duk da bakinka suke magana, Hausarka, karin maganarka, har tsawon numfashinka. Wannan zaman ba ya cin komai sai kuɗin lemo, amma ya fi wani ajin da za ka biya dubbai.

Dalilin da ya sa nake matsa wa maganar rubutu shi ne kasuwa ta juya, kuma ta juyo wajen marubuci. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, mutanen da suka kafa harkar daga wasan daɓe da na talabijin suka fito, inda aka saba a tsara ƙashin labari, a yi wa ɗan wasa bayanin sin, shi kuma ya cike da bakinsa. Finafinan camama ma kusan a kan haka suka rayu, kuma mai baiwa irin ta marigayi Rabilu Musa Ibro yana iya riƙe sin da abin da ya zo masa nan take. Daga Sangaya a 1999 waƙa ta zama ita ke sayar da fim. Dilolin kasuwar Ƙofar Wambai, su wa suka fito da waƙa nawa ce suka fi tambaya, ragowar gurbin kuma wankin finafinan Indiya ya cike da yawa daga ciki. A wancan zamani marubuci shi ne na ƙarshe da ake tunawa, shi ne na ƙarshe da ake sallama. Sai kasuwar faifai ta durƙushe. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga 2020 kuma Labarina da Izzar So suka tabbatar wa kowa cewa mai kallo zai jira mako-mako in labari ya riƙe shi. Fim mai dogon zango ba ya yiwuwa da cike-da-baki. Zango ɗaya yakan kai kashi 13, masu kallo kuma suna riƙe da lissafi, in ka manta a kashi na tara cewa a na biyu ka ce Alhaji ba shi da ɗa namiji, su ba su manta ba. Furodusan yau yana neman wanda zai iya miƙo shafuka a kan lokaci, mako bayan mako, labarin bai warware ba. In ka ce masa kai marubuci ne, kalma uku zai mayar maka: turo in gani.

Kada a ce na raina malami. Akwai ilimin da ba za ka same shi a ɗakinka ba ko ka shekara goma kana yaga takardu, kuma littattafan koyon rubutun fim na Amurka ba su san shi ba. Ka rubuta ɗaurin aure mai mutum 200, da haɗarin mota, da ruwan sama cikin dare, da bankwana a filin jirgi. Wanda ya daɗe a harkar zai ɗauki biro ya fara ƙirga maka wurare: gida kaza, asibiti, kotu, kasuwa, har 19. Zai gaya maka jarumin da kake hange kwana uku kawai zai bayar, don haka duk sina-sinansa sai sun taru a wuri biyu ko uku. Dare yana nufin fitilu da janareta, ruwan sama yana nufin tankar ruwa, asibiti yana nufin neman izini, kasuwa tana nufin taron 'yan kallo da ba mai iya tsawatar musu. Zai ce gwaggon nan da innar nan aiki ɗaya suke yi, haɗe su su zama mutum ɗaya. Za ka ji kamar ana yanka maka jiki, amma sau da yawa sikirif ɗin da ya fito daga wannan aski ya fi na farko ƙarfi. Shi ne kuma zai nuna maka iyakokin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 kuma har gobe da ƙarfinta; a 2025 ma ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya kan batun kai su tacewa kafin a saka. Marubucin da bai san me ke wucewa ba zai ja wa furodusa asarar ranar aiki. Wanda ya sani kuwa yakan gano cewa nuna soyayya ba tare da hannu ya taɓa hannu ba wata gwaninta ce mai zaman kanta. Sannan akwai kiran waya guda ɗaya da maigida zai yi ya buɗe maka ƙofar da za ka shekara kana ƙwanƙwasawa. Amma duba duk abin da na lissafa: ƙirgar wurare, haɗe gwaggo da inna, gyaran sin don tacewa, kiran waya a ce ga wani yaro ka karanta aikinsa. Kowanne sai da takarda a kan tebur.

Mutum ɗaya na keɓe. Idan ba ka taɓa ganin sikirif da idonka ba, ba ka taɓa tsayawa a lokeshan ba, to je ka gani tukuna, amma ka san abin da za ka roƙa. Roƙi a haɗa ka da mai kontiniti. Shi ne yake riƙe da sikirif daga safe har dare, yana rubuta da wane hannu aka ɗauki kofi, wace hula aka sa, a wace kalma aka tsaya. Daga inda yake tsaye za ka ga jumlolin da 'yan wasa suke kasa faɗa su canza, da sina-sinan da darakta yake jefarwa idan rana ta kusa faɗuwa ba a gama ba, ka ga kuma fim bai rasa komai ba da aka jefar da su. Yi fim biyu ko uku a haka ka koma gida. Ka sa wa kanka wa'adi tun kafin ka fara, don lokeshan yana da daɗin zama, akwai raha da abinci da sanin mutane, mutum bai ankara ba sai ya ga ya zama ɗan gida.

In lokacin neman malami ya yi, kada girman suna ya ruɗe ka. Mafi shahara shi ne mafi ƙarancin lokaci, kuma ba kowane gwani ne ya iya koyarwa ba. Nemi wanda zai karanta. Za ka gane ya karanta idan ya ambaci lambar shafi, ko ya tambaye ka me ya sa wance ba ta gaya wa uwarta ba tun a sin na biyar. Wanda ya ce "ma sha Allah, ya yi kyau, ci gaba da ƙoƙari," bai buɗe ba. Malamin kirki tambaya yake jefo maka ya bar ka ka nemo amsa. Wanda ya karɓe alƙalamin ya sake rubuta maka sin da salonsa, ko da ya fi naka kyau, ya gyara sikirif ne ya bar ka yadda kake, in ma ba a yi sa'a ba ka wayi gari kana rubutu da muryarsa. Wuri mafi albarka da na sani shi ne teburin da marubuta da yawa suke haɗuwa a kan shiri ɗaya, kamar yadda ake rubuta Daɗin Kowa, don a nan gina labari da koyo suna tafiya tare: a ba ka kashi ka rubuta, a dawo maka da shi da jan biro, ka ga yadda na gaba da kai ya warware kullin da ya gagare ka. Ko a ƙaramin matsayi aka kira ka irin wannan tebur, tafi. Su ma dai sai sun ga rubutunka za su kira ka.

Maganar ajin kuɗi gajeruwa ce. Akwai makarantu na gaske, irin Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, da shirin MultiChoice Talent Factory da aka fara a 2018 mai reshe a Legas, da sassan wasan kwaikwayo da na sadarwa a jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello. Wanda ya sami hali ya je. Amma ajin mako biyu na WhatsApp, kafin ka tura ko sisi yi tambaya biyu: me malamin ya rubuta da aka ɗauka aka nuna, kuma zai karanta nawa ya mayar mini da gyara? In amsar ta biyu a'a ce, saƙonnin murya za ka saya, irinsu kuma suna nan kyauta a intanet. Takardar shaidar da za a ba ka a ƙarshe, ban san furodusan da yake tambayarta ba. Wanda kuma ya ce ka biya zai haɗa ka da jarumi wane, kama gabanka.

Ke kuma ƙanwata, duk abin da na faɗa da ke nake, amma akwai ƙari. Rubutu sana'a ce da za ki iya yi daga ɗakinki, kuma wannan ƙarfi ne a hannunki, kada wani ya sa ki ji kamar sai kin yi ta zarya ofis-ofis kafin a san da ke. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta fito da mata da yawa da ba wanda ya san su sai ta abin da suka rubuta suka aika. Aikinki ya riga ki zuwa. In za a haɗu, a haɗu da rana, a wurin aiki, da sanin na gida, kuma in da hali ki fara neman matan da suka riga ki shiga harkar. Duk malamin da maganarsa ta bar kan shafi ta koma kanki, karatun ya ƙare, ki tattara takardunki.

Ranar da za ka kai aikin, kada ka tura shafi 90 ga mutumin da bai san ka ba. Tura taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya da sina-sinan farko kamar shafi goma, ka ce sauran yana nan a kammale in yana so. Tura ta imel, don kwanan wata ya zauna, ka ajiye kwafinka. In ya yi shiru mako biyu, tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, in ya sake shiru nemi wani. In ya ce sin na bakwai bai yi ba, kada ka tsaya yi masa bayanin abin da kake nufi, don ba za ka bi kowane mai kallo gida ka yi masa bayani ba. Rubuta abin da ya ce, ka je ka kwana a kai. Sau da yawa inda ya nuna da gaske akwai ciwo, ko da maganin da ya ba ka ba shi ne daidai ba.

In kuma aka ce ana so za a yi fim da shi, to a nan ne kunya take cutar da yaran gida. Ka yi maganar suna da kuɗi kafin a kunna kyamara, ko da maigidanka ne, ko da shi ya koya maka riƙe biro. A farkon finafinanmu ana rubuta "Labari" daban, "Tsarawa" daban, ka tabbata wanne ne naka, a kuma rubuta shi a takarda ku sa hannu, da nawa za a ba ka da ranar da za a ba ka. In fim mai dogon zango ne, tambayi wa zai rubuta zango na biyu idan na farko ya karɓu.